Yadda Ake Auna Sabon Kati a Wasan Hearthstone

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin masu karta ya san katin da ke tsakaninsu guda 52 ne. Jiya haka yake, gobe ma haka zai kasance, kuma ba mai zuwa da nasa daga gida. To, akwai wani irin wasan kati da ake yi a waya da kwamfuta wanda ya saɓa wa wannan. A cikinsa kowane ɗan wasa shi ke tara katunansa, ya zaɓi waɗanda yake so ya ɗaure su dami guda, sa'an nan ya nemi abokin karawa ta intanet. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Hearthstone, wanda kamfanin Blizzard Entertainment na jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka ya fitar cikin watan Maris na 2014. Wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai sun san shi, wasu kuwa, har da yawancin iyayenmu, ko sunansa ba su taɓa ji ba. Sabo da haka bari in fara da yadda ake yin sa.

Mutum biyu ke karawa. A ƙa'idar asali kowanne yana da jarumi mai rai 30 da dami mai kati 30. Ba a yarda a sa kati iri ɗaya fiye da biyu cikin dami ba, in kuwa katin alfarma ne, watau irin wanda ya fi wuyar samu, ɗaya tak ake sawa. Wanda ya fara ƙarar da ran jarumin abokin karawarsa shi ya ci. Yawancin katunan dakaru ne da ake ajiyewa a fage, kowane dakare da lambobi biyu a ƙasansa, ta hagu ƙarfin saransa, ta dama yawan ransa. Sauran kuwa makamai ne, da waɗansu da suke kira sihiri, masu yin aikinsu nan take su ɓace. Kada wannan suna ya firgita iyaye, zane ne kawai da lissafi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau shi ne farashi. Kowane kati yana da farashinsa a kusurwar sama, kuma da waɗansu duwatsun lu'ulu'u ake biya. A zagayen farko ɗan wasa yana da dutse ɗaya, a na biyu yana da biyu, haka har su kai goma su tsaya. Duk zagaye sukan cika sabo, amma wanda ba a kashe ba ya tafi ke nan. Ashe kati mai farashi 7, kome ƙarfinsa, galibi kaya ne kawai a hannu kafin zagaye na bakwai.

Tun daga 2017 kamfanin kan fitar da manyan rukunan sababbin katuna uku a shekara, kowane rukuni da kati fiye da ɗari. Kafin ranar fitowa akan riƙa nuna su kaɗan-kaɗan, gwanaye na yabon wannan suna kushe wancan, masu saye kuma na ta lissafin aljihu. A nan ne maganar auna kati take tasowa.

Mudun farko da 'yan wasa suka saba amfani da shi mai sauƙi ne. A haɗa sara da rai na dakare, a gwada da ninkin farashinsa haɗe da ɗaya. Lokacin da wasan ya fito akwai wani dakare mai suna Chillwind Yeti, farashinsa 4, saransa 4, ransa 5. Jimla 9 ke nan, kuma 4 sau 2 a ƙara 1 shi ma 9 ne. Ba ya da wata bajinta ta musamman, amma ya cika mudu, don haka da shi aka riƙa gwada sauran masu farashi 4. Akwai kuma Magma Rager, farashi 3, sara 5, rai 1. Baƙo ya ga sara 5 a wannan araha sai ya ce ya yi tsintuwa, alhali jimlarsa 6 ce maimakon 7, ga shi ko ƙwarzane aka yi masa ya faɗi kafin ya sari kowa. Har ya zama abin ba'a tsakanin 'yan wasa. In kati ya kasa cika mudu, sai a duba rubutun da ke jikinsa a tambaya, shin aikin da yake yi ya biya giɓin?

Da a ce nan maganar ta tsaya, da kowane ɗan aji ɗaya ya zama gwani. Abin da ya faru a watan Disamba na 2014 ya nuna ba haka ba ne. A rukunin Goblins vs Gnomes an fitar da katunan alfarma biyu masu farashi ɗaya, watau 7. Na farko Troggzor the Earthinator, sara 6, rai 6, kuma duk lokacin da abokin karawa ya yi amfani da sihiri sai ya kira wani dakare kyauta mai sara 3 da rai 5. Na biyu Dr. Boom, sara 7, rai 7, yana sauka fage tare da 'yan bama-bamai biyu masu sara 1 da rai 1, waɗanda in an kashe su sukan fashe su yi wa wani na ɓangaren abokin gaba ɓarnar 1 zuwa 4. Kafin fitowarsu, da yawa cikin shahararrun 'yan wasa Troggzor suka yaba, Dr. Boom kuwa suka ɗauke shi katin dariya. Da aka shiga fage sai reshe ya juye da mujiya. Dr. Boom ya shiga kusan kowane dami na fiye da shekara guda, Troggzor kuwa da kyar ake ganinsa.

Me ya kawo haka? A ganina dalili biyu ne, kuma sun fi mudun farko amfani. Bajintar Troggzor tana hannun abokin gaba. In ya ga dama ya ƙi taɓa sihiri, ya tura dakarunsa su kashe shi, shi ke nan an biya duwatsu 7 an sami dakaren da bai ko cika mudu ba. Dr. Boom kuwa ba ya jiran iznin kowa, yana sauka ya riga ya yi aikinsa. Na biyu, ƙarfinsa a rabe yake gida uku. A lokacin akwai Big Game Hunter, mai farashi 3, wanda ke kashe duk dakaren da saransa ya kai 7. To ko an jefo shi an kashe uban gayyar, bama-baman nan biyu suna nan suna jira. Kati ɗaya ya tilasta wa abokin gaba kashe biyu ko uku nasa. Don haka in na ga sabon kati mai tsada, abin da nake fara tambaya shi ne, in aka kashe shi a zagaye na gaba, me ya bar mini?

Har wa yau akwai katin da ba a iya gane darajarsa sai an dubi waɗanda zai zauna da su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2015 rukunin Blackrock Mountain ya zo da Grim Patron, farashi 5, sara 3, rai 3. A mudu ya faɗi warwas, jimla 6 maimakon 11. Rubutunsa kuwa ya ce duk lokacin da aka ji masa ciwo bai mutu ba, sai ya kira wani irinsa. Sai masu wasa da jarumin Warrior suka tuna suna da Whirlwind, katin farashi 1 mai yi wa kowane dakare a fage ciwon 1, suna kuma da Warsong Commander, wadda ke ba duk dakaren da saransa bai wuce 3 ba damar kai hari a zagayen da ya sauka. Da aka haɗa su, dakare ɗaya sai ya zama biyu, biyu su zama huɗu, duk su afka wa abokin gaba a lokaci guda. Damin ya addabi kowa har kamfanin ya sake rubutun Warsong Commander a watan Oktoba na wannan shekara. Abin lura, tsohon katin aka taɓa, Grim Patron aka bar shi yadda yake.

Wani misalin shi ne Prince Keleseth na rukunin Knights of the Frozen Throne, a 2017. Farashi 2, sara 2, rai 2, yana ƙara wa dukan dakarun da suka rage cikin dami sara 1 da rai 1, amma da sharaɗin kada a sami wani kati mai farashi 2 cikin damin. Mutane suka dubi sharaɗin suka yi tsaki. Waɗanda suka gwada kuwa suka tarar waɗansu jarumai ba su da katunan kirki masu farashi 2 tun asali, abin da za su bari bai taka kara ya karya ba. Sharaɗi ɗaya ne, amma ga wani jarumi nauyi ne, ga wani banza.

Wannan ya kawo mu maganar ɗaurin dami. Akwai mai gaggawa, wanda ke cika daminsa da katuna masu araha don ya gama da abokin gaba tun duwatsunsa ba su taru ba. Akwai mai haƙuri, wanda ke share fage yana warkar da jaruminsa har hannun ɗayan ya bushe, sa'an nan ya sauke manyan dakaru. Akwai kuma mai haɗi, irin na Grim Patron, wanda ke lallaɓawa har waɗansu katuna su taru a hannunsa ya yi bugu ɗaya. Galibi mai haƙuri kan gajiyar da mai gaggawa, mai haɗi kan sami lokacin da yake so wurin mai haƙuri, mai gaggawa kuma kan riga mai haɗi. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne tara duk katunan da suka burge su wuri ɗaya, rabi na gaggawa rabi na haƙuri. Irin wannan dami yakan ba mutum katin farashi 8 a zagaye na biyu, da na farashi 1 a zagaye na goma.

Masu ƙin darasin lissafi su yi haƙuri, a nan ba makawa. Wanda ya fara wasa da kati 3 yake farawa, yana jan ɗaya duk zagaye. In muka ajiye maganar canjin da ake yarda a yi wa katunan farko, a zagaye na bakwai ya ga kati 10 cikin 30. Katin alfarma, da yake ɗaya ne cikin dami, sau ɗaya cikin uku zai kasance a hannunsa lokacin. Kati mai kwafi biyu kuwa kimanin kashi 56 cikin ɗari. To, in dabarar mutum ta dogara ga katuna iri biyu su haɗu, kowanne da kwafi biyu, abin ya sauko zuwa kimanin kashi 30 cikin ɗari. Watau cikin wasa goma, bakwai za su wuce zagaye na bakwai haɗin bai samu ba. Shi ya sa duk dami mai haɗi na ƙwarai za ka tarar cike yake da katunan da ke jawo waɗansu katuna. In an nuna maka hoton wani haɗi mai ban mamaki, ka tambayi kati nawa yake bukata da duwatsu nawa. Wanda ya ɗauki hoton bai nuna maka wasannin da ya sha kashi yana jira ba.

Saura abokan karawa, su ma suna da hannu a darajar katinka. Acidic Swamp Ooze dakare ne mai farashi 2 da ke karya makamin abokin gaba. A lokacin da masu makamai suka cika fage, zinariya ne. In kuwa ba mai riƙe da makami, dakare ne kamar kowa. Big Game Hunter ma yawan manyan dakaru irin su Dr. Boom ne ya daɗa masa farin jini, har a 2016 aka ɗaga farashinsa daga 3 zuwa 5. Wannan sashe ne ya fi wuyar hange, domin ranar da ake nuna sabon kati ba wanda ya san irin damman da mutane za su rungumi bayan sati biyu. Ni dai ban ga laifin gwanayen da suka yi kuskure a kan Troggzor ba. Laifin na wanda ya zuba abin hannunsa a kan maganarsu ne tun ba a gwada ba.

Ga iyayenmu kuwa, ga inda kuɗi yake shiga. Sauke wasan kyauta ne, kuma ana iya samun katuna ta hanyar yin wasan kawai. Amma ana sayar da ƙunshi mai kati 5 a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. A 2017, da dokar ƙasar Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana irin wannan lissafi, Blizzard ya ce katin alfarma kan fito kimanin sau ɗaya cikin ƙunshi 20, kuma ba lalle ya zama wanda mutum ke nema ba. In uba ya ce wannan ciniki yana kama da caca, ni ba zan yi masa musu ba. Ɗalibin da ake haɗa wa kuɗin makaranta da kyar ba shi da dalilin kai kuɗin guzurinsa can.

Hanyar da ba ta cin kuɗi ita ce narka katunan da ba a so su zama abin da suke kira ƙura, a ƙera wanda ake so da ita. Katin alfarma ƙura 1600 ake ƙera shi, in an narka shi kuwa 400 yake bayarwa. Kati gama-gari ƙura 5 yake bayarwa, ashe sai an narka 320 kafin a sami na alfarma ɗaya. Wanda ya ƙera irin su Troggzor ranar farko, ya dawo ya narka, ya yi hasarar 1200. Wanda ya jira sati biyu ya ga damman da suka tsaya da ƙafarsu, ba abin da ya rasa sai ɗoki. In ma katin da ya ƙera ya yi ƙarfin da kamfanin ya rage masa, akan ba da 'yan kwanaki a narka shi a karɓi cikakkiyar ƙurarsa. Sai dai a duba shekarun kati kafin a ƙera, domin tun 2016 aka raba wasan gida biyu, Standard da Wild, kuma rukunin da ya yi kamar shekara biyu yakan fita daga Standard ya koma Wild, inda Dr. Boom da Troggzor suka tafi tare a watan Afrilu na wannan shekara.