Yadda Ake Kafa Injin Niƙa

A hutun da ya wuce na je gida Sundimina, na tarar kawuna ya sayar da shanunsa biyu ya sayo tsohon injin niƙa daga Kano. Kan injin Lista ne, irin wanda aka ƙera a Ingila, mai ƙarfin doki 6, mai juyi 650 a minti ɗaya. Sai da ƙarti shida suka taru kafin aka sauko da shi daga mota.

Don ɗoki, kawu ya sa birkila ya zuba kankare ran nan, ya auna da ido ya soka notuna huɗu. Da aka zo ɗora inji, uku suka shiga ramukan ƙafafunsa, na huɗu ya kauce da rabin inci. Aka tayar da shi haka nan. Inji ya yi ta rawa, bel yana faɗuwa, kafin mako guda kankare ya tsage. Buhu uku na siminti suka tafi a banza.

Sai aka ɗauko wani tsohon bakanike daga Birnin Kudu. Ni ne na riƙe masa awo, ga kuwa abin da na koya.

Da farko, ba a auna ƙasa, injin ake aunawa. Akan ɗora ƙafafunsa a kan katako, a zana ramukan, kafinta ya huda su daidai. A cikin waɗannan huduji ake rataya notunan. Kowane noti yana da lanƙwasa a gindi don kankare ya riƙe shi, a kuma bar masa tsawon da zai ratsa ƙafar inji har a ɗaure. Akan naɗe kansa da tsumma kada siminti ya ɓata zaren.

Na biyu, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Tsohon ya ce mini, “Ɗan makaranta, awon nan biyu in ba su zo ɗaya ba, akwai karkata.” Nan take na tuna darasinmu na lissafi. Ashe abin da muke zanawa a allo shi ke ci da mutane!

Na uku, a ja zare daga fulin inji zuwa fulin maniƙa, su tsaya a layi ɗaya, in ba haka ba bel ba zai zauna ba. Sa'an nan a zura wa kowane noti guntun bututu daga sama, don ya sami ɗan wurin motsi ranar ɗora inji. Bayan an daidaita, sai a cike bututun da siminti mai ruwa.

Kwaɓin kuwa kwano 1 na siminti ne, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A riƙa ba shi ruwa har kwana 7, amma ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Kawu ya so ya gaggauta, tsohon ya ce sam.

Ranar da aka sauke inji, notuna huɗun suka shige ba a taɓa guduma ba. Yanzu matan unguwarmu sun huta da dakan tuwo. Iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, kankare kamar icce yake, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A auna sau biyu kafin a zuba.