Rumbun hotuna da bidiyo a cikin gida: abin dubawa kafin a saya

Duk mai ɗaukar bidiyon biki a Dutse ya san wannan ciwon kan. An gama wani biki a unguwar Takur, an dawo da katin kyamara maƙil, jibi kuma ana jiran sa a Kiyawa ko Birnin Kudu, sai ya rasa inda zai juye aikin baya. Magidanci ma bai tsira ba: hotunan suna, hawan sallah a unguwar Garu, karatun tafsirin azumi, duk suna cikin waya guda, har ranar da za ta ce wuri ya ƙare, ko a sace ta. A da Google Photos ne mafaka, amma tun 1 ga Yunin 2021 kamfanin ya daina ajiya kyauta ba iyaka. Gigabait 15 kawai ake ba mutum, su ma a haɗe da Gmail da Drive. Apple 5 yake bayarwa. Bidiyon awa ɗaya mai kyau kuwa yakan ci gigabait 4 zuwa 8.

Wannan ya sa wasu ke komawa ga rumbun ajiya na gida, wanda masu harkar ke kira NAS. Ƙaramar kwamfuta ce marar allo, mai ɗauke da faifan ajiya ɗaya ko biyu ko fiye, da ake jona wa rawutar gida. Duk wayar da ke kan Wi-Fi ɗin gidan za ta iya zuba hotuna a ciki ko ta kalli bidiyo daga ciki, ba tare da an taɓa data ba. Ko a Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, mai irin wannan na'ura na iya kallon kayansa a falonsa lafiya lau. Akwai ƙirar Synology da QNAP da ake saye a haɗe. Mai ƙaramin ƙarfi kuma zai iya ɗaukar tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi, ya sa mata OpenMediaVault, ko TrueNAS idan kwamfuta ce, waɗanda kyauta ne, ya ɗora Jellyfin don ta jera masa bidiyo da sauti tsaf.

Masu talla girman faifai suke nuna wa mai saye, terabait 4, terabait 8. A Jigawa kuwa tambayar farko ita ce wuta. An ƙera na'urar ne don ta kwana ta wuni a kunne, kuma duk wanda ke kan layin kamfanin wuta na KEDCO ya san yadda ake fama da ɗaukewarta. Faifai mai juyi ba ya son a ɗauke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Sau ɗaya ko biyu a tsallake, wata rana a tarar fayil ya lalace. Abin sauƙin shi ne na'urar ba ta da cin wuta: mai faifai biyu wat 20 ko ƙasa da haka take ja, rawuta kamar 10. A lissafa awa 24, ana maganar wat-awa 700 da ɗoriya a rana, abin da ƙaramin sola da batirin kirki za su ɗauka. Wanda bai tanadi wannan ba, kuɗinsa ya zuba a rijiya. Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Dutse kan wuce digiri 40, ɗakin kwano marar silin ya fi haka, hunturu kuma ya cusa ƙura cikin fanka. A ɗora na'urar a kan kanta, nesa da taga, a riƙa busa mata ƙurar.

Shiga rumbun daga nesa shi ne abin da ya fi burge mutane: ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya buɗe fayilolin gidansu na Jahun, ko alhaji a Makka ya nuna hoton jikansa. A nan ne kuma da yawa ke cin karo da bango. Yawancin gidaje da layin waya suke shiga intanet, na MTN ko Airtel ko Glo, kuma irin waɗannan layuka ba kasafai suke ba kowane gida adireshinsa na kansa ba. Dubban masu layi ne ke bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Ko Starlink, da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, haka yake yi wa masu kunshin gida. Saboda haka darasin YouTube da ke cewa a buɗe ƙofa a rawuta ba zai yi aiki ba. Mafita ita ce manhaja irin Tailscale, wadda aka gina kan WireGuard: a sa ta a rumbun, a sa ta a waya, su riƙa gane juna ta ɓoyayyen layi ko'ina mutum yake. Synology ma na da nasa, QuickConnect.

Sai dai a sani, kallo daga nesa cin data biyu ne. Gida na turawa, waya na karɓa, kowanne da kuɗinsa, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Saurin turawa a layin waya kuma yakan gaza na saukewa nesa ba kusa ba, alhali bidiyo mai kyau na buƙatar wajen megabit 5 a daƙiƙa ba yankewa. Hotuna, takardu da sauti za su zo da sauƙi. Bidiyon awa biyu gara a sauke shi a waya kafin a bar gida.

Rashin iya buɗe ƙofar nan ma, a ganina, alheri ne. A Yunin 2021 masu kutse sun goge bayanan masu amfani da rumbun My Book Live na Western Digital ta intanet. A Janairun 2022 wata muguwar manhaja, DeadBolt, ta kulle dubban na'urorin QNAP da ke buɗe ga duniya, tana neman kuɗin fansa. A wurinmu abin ya wuce asarar fayil, domin hotunan matan gida da na kamu da lalle ba abin da ake so baƙon ido ya gani ba ne. Mai ɗaukar hoton biki amanar iyalan mutane ce a hannunsa. A canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, a ba kowa nasa asusun, a riƙa sabunta manhaja.

Wasu kan saki jiki don suna da faifai biyu masu kwafin juna, wato RAID 1. Wannan maganin mutuwar faifai ɗaya ne kaɗai. Abin da yaro ya goge a ɗaya ya gogu a ɗayan, ɓarawo kuma duka zai ɗauka, haka gobara, haka ambaliya irin wadda ta shafi sassan Jigawa a 2022. Ƙa'idar masana ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gida.

Mai shagon hoto, da makarantar da ke tara karatun malamanta, da gidan da ke da sola tuni, rumbun nan zai biya musu buƙata. Wanda kuwa hotunansa ba su kai gigabait 200 ba, ya sayi faifan waje guda biyu, ya riƙa juye wayarsa duk ƙarshen wata, ya kai ɗaya gidan ɗan'uwansa.