KUNKURU MA YANA JIN ƘISHIRWA

A gidaje da yawa na ƙasarmu akan ga kunkuru yana yawo a tsakar gida. Wani a gona yara suka tsinto shi, wani kuwa a kasuwa aka saye shi. Akan jefa masa ganye, amma ba safai akan ba shi ruwa ba, gama mutane suna cewa kunkuru ba ya sha. Wannan magana ba gaskiya ba ce, ta kuwa jawo mutuwar da yawa daga cikinsu.

Yadda yake zama a daji

Babban kunkurun nan mai launin ƙasa yana zaune a bakin Hamada, tun daga Sanagal har Habasha, ya haɗa da Nijar, da Cadi, da Sudan, da arewacin Nijeriya. Shi ne na uku wajen girma a duniya duka, yakan kuma wuce shekara 50 a raye.

To, ƙaƙa yake jure wa bazara? Allah ya ba shi dabara biyu. Ta fari, yakan haƙa rami mai zurfi inda akwai sanyi da laima, ya shige ciki sa'ad da rana ta take. Ta biyu, yakan tara ruwa a mafitsararsa, jikinsa yana ja daga ciki kaɗan kaɗan. Saboda haka idan yaro ya ɗaga shi ya juya shi, har ya yi fitsari don tsoro, guzurinsa ke nan ya zubar.

A gidanmu kuwa ba rami, sai daɓe ko siminti mai zafi. Tun da mu muka raba shi da raminsa, ruwansa ya zama hakki a wuyanmu.

Ruwan sha da wanka

A sami kasko mai faɗi marar zurfi, a binne shi daidai da ƙasa a cikin inuwa, yadda zai iya shiga ya fita da kansa. A sāke ruwan kowace safiya.

Ga yadda za a yi masa wanka:

1. A zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a daro. A gwada shi da gwiwar hannu kamar na wankan jariri.

2. Kada ruwan ya wuce haɓarsa. Kunkuru ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba, ruwa yana iya cinye shi.

3. A bar shi ciki minti 15 zuwa 20, wani kuwa yana tsaye a kansa. Sau da yawa a nan zai dulmuya baki ya sha, ya kuma yi bayan gida.

4. Ban da sabulu, ban da shafa mai. Tsohon buroshin haƙori mai laushi ya isa a goge laka. A duba hammatarsa da wuyansa ko akwai kaska.

5. Da hunturu a jira hantsi, a kuma tsane shi da tsumma kafin a sake shi.

Ƙaramin kunkuru yana bukatar wannan kowace rana, gama jikinsa yakan bushe da sauri. Babba kuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, a ƙara masa da bazara. A shekarar 2003 waɗansu masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka nuna cewa ƙananan da aka rena a busasshen wuri, ƙoƙon bayansu yakan fito da tozo-tozo maimakon ya yi sumul.

Alamun ƙishirwa

Kunkuru ba ya kuka, sai mai lura ne zai gane. Idanunsa sukan faɗa, yakan ƙi abinci, yakan kwanta wuri ɗaya. A duba farin abin nan da ke fita tare da fitsarinsa. In yana da laushi kamar kindirmo, lafiya lau. In ya zama kamar tsakuwa, ruwa ya gaza a jikinsa, dutse kuma yana iya fitowa a mafitsara. Sai a nemi likitan dabbobi.

Lafiyar iyali

Kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cutar da ake kira salmonela, mai sa zawo da zazzaɓi, ko da shi kansa lafiyayye ne. Domin wannan ne Amurka ta hana sayar da waɗanda ba su kai inci 4 ba a shekarar 1975. Iyaye mata, kada daron kunkuru ya shiga cikin kwanukan abinci. A zubar da ruwan nesa da rijiya da randa, kowa ya wanke hannu da sabulu, kada kuma a bar mai rarrafe ya taɓa shi.

Hakkin da ke kanmu

Kada a huda ƙoƙon bayansa don a ɗaura igiya. Akwai jini da jijiya a ciki, yana jin zafi. Waɗansu suna ajiye kunkuru domin tsarin gida, amma mu masu bi mun sani Ubangiji ne mai tsaronmu. Irin wannan kunkuru yana ta raguwa a daji, saboda haka wanda aka gani a can gara a bar shi a can.

Wanda ya riga ya shigo hannunmu kuwa, bari a danƙa wa yaro ɗaya aikin ruwansa. Mu da muke koyarwa mun ga cewa yaron da ya saba tunawa da dabbar da ba ta iya roƙo, ba ya saurin manta da ɗan'uwansa. A addu'ar iyali ta daren yau, ku karanta Misalai 12:10 tare da yara, sa'an nan da safe ku leƙa kaskon.