Wakili na Baki da Wakili na Takarda

Shekarar da ɓarin jikin kawuna ya shanye, ɗansa na biyu ne ya tafi karɓo masa kuɗin fansho. Ya tashi daga Tsarnawa da sassafe da katin tsohon a aljihu, ya bi layi har rana ta take. Da ya kai taga, ma'aikacin ya dubi hoton katin, ya dube shi, ya ce ina takardar wakilci, wadda ƴan lakwal ke kira furokirasiyo. Yaron ya ce ai shi ɗansa ne. Aka ce an ji, amma takarda ake tambaya. Da ya komo ya faɗa, sai tsohon ya yunƙura a kan tabarma, baki a karkace, ya ce, “To mi su ka so? Gaban liman na ce kai ne wakilina. In ka tahi, ni na tahi.”

Kawu yana da gaskiya, ma'aikacin ma yana da tasa. Kalmar guda ce, wakili, sai dai a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela zancen tsufa da ciwo da dukiya harshe biyu gare shi. Akwai na zaure, wanda muka gada daga iyaye da littattafan fiƙihu. Akwai kuma na biro, wanda Faransa ta bar mana. Na daɗe ina auna su, na ga kowanne yana da inda ya fi ƙarfi.

In dai kula da jikin tsoho ne, harshen zaure ya yi wa na biro fintinkau. Dubi kalmar jinya. Wanda ke kwance yana jinya, wanda ke zaune kusa da shi ma jinya yake, har majinyaci kan ɗauki ma'anar kowannensu, kamar Bahaushe ya gane tun farko cewa ciwo mutum biyu yake kwantarwa. Je ka asibitin Galmi, wanda mishan na SIM suka buɗe a 1950, ko likitar gwamnati ta Ƙonni, ka ga masu jinya da tabarminsu da buta da ƙwaryar fura. Su ke sayo magani, su ke dama kunu, su juya marar lafiya kada bayansa ya yi gyambo, su fitar da fo da asuba kafin mutane su tashi. Yawancinsu mata ne: ƴa, ko matar ɗa, ko jikanyar da aka cire daga karatu. Takardar asibiti ba ta san su da wani suna ba sai masu rakiya, alhali in suka tashi, jinyar ma ta tashi.

Muna da riƙo, muna cewa tsohuwa tana hannun wane. Malamai suna da nafaƙa, kuma a mazhabar Malikiyya wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, ya ciyar da iyayensa matalauta. Gwamnati kuwa, da ta kawo jinya kyauta a 2006, yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki ta duba, tsofaffi ba su cikin lissafin. Ban cika ganin laifinta ba, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Fansho ma na ƴan kaɗan ne. Asusun CNSS, da ke nan tun 1965, da na CARENI na ma'aikatan gwamnati, ba su san manomin albasa ko mai kai gero kasuwa ba. Shi wannan, ƴaƴansa ne fanshonsa, shi ya sa ko ambaton gidan tsofaffi zagi ne a nan.

Amma da zarar maganar ta koma kan kuɗi da gona, sai reshe ya juya da mujiya. Wakilcin baki ba shi da gaɓa. “Kai ne wakilina” na iya nufin ka karɓo mini fansho, yana kuma iya zama hujjar sayar da tumakin tsoho uku ba da saninsa ba. Takardar wakilci ita kan faɗi wane ne, a kan me, kuma sai an tabbatar da sa hannu a ma'aikatar magajin gari ko wurin ƴan sanda. Akwai ƙanwarta da tsofaffi suka fi tsana, takardar shaidar rai, wadda ke sa mutum ya je da ƙafarsa ya tabbatar wa hukuma bai mutu ba. Abin dariya ne, amma dalilinsa a fili yake, kuma a nan malam da ɗan biro bakinsu ɗaya: wakilci yana faɗuwa ne ranar da wanda ya ba da wakilcin ya cika.

Inda aka fi zubar da zumunci shi ne a kan kalmomi biyu da mutane ke cakuɗawa, kyauta da wasiyya. Tsoho ya ce wa ɗansa, “Na ba ka gonar fadama.” Me ya yi ke nan? Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. Kyauta ita ba ta da wannan iyaka, amma sai ta shiga hannun wanda aka ba tun mai bayarwa yana da lafiyarsa. In kuwa a ciwon ajali aka yi ta, ta koma hukuncin wasiyya. Ke nan magana guda, in an faɗe ta a gindin gawo da damina kuma yaron ya shiga ya noma, gona ta zama tasa. In an faɗe ta a kan gadon asibiti kwana huɗu kafin rasuwa, ƴan'uwansa suna da ta cewa. Ilimin yana nan a zaure, cikakke. Abin da ke ɓacewa shi ne shaidu, don ɗaya ya rasu, ɗaya yana ci-rani a Abijan, na ukun kuma surukin mai ƙara ne. A yankin da kadadar albasa ke da daraja sosai, ba na ba kowa shawarar ya dogara da “an ji a bakinsa”. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, waɗanda yanzu suke daga gunduma har ƙauye, kuma suna ba da takardar shaidar kyauta ko ta saye. Uban da ke son ɗansa da gaske, can zai kai shi tun yana iya hawa kabu-kabu.

Kada wannan ya sa a zaci harsunan biyu abokan gaba ne. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali. An yi yunƙuri a shekarun 1990, an sake a 2011, duka suka sha ruwa. Tun 1962 doka ta ce a zancen aure da saki da gado da kyauta da wasiyya, alƙali al'adar masu shari'a zai bi, da masana al'ada zaune kusa da shi. Saboda haka takardar da ake nema bayan rasuwa, ta taron dangi, wadda ke faɗin su wa ke gado, wa zai wakilce su, wa zai riƙe marayu, zaman zaure ne aka buga wa hatimin kotu. Fiƙihu ma yana da sunayen waɗannan mutane: wasiyyi, wanda uba ya bar wa amanar ƴaƴansa, da muƙaddam, wanda alƙali ya naɗa. Mu dai waliyyi kaɗai ya zauna a bakinmu, shi ma sai ranar ɗaurin aure. Wahalar takardar ita ce kuɗin mota zuwa Ƙonni da shaidu, da neman takardar mutuwa da ta haihuwa a gidan da ba a taɓa yin ko ɗaya ba.

Akwai wani zango da harsunan biyu duk suke yin ƙasa da murya, wato lokacin da mutum yana raye amma hankali ya fara gushewa. Muna cewa gigin tsufa, muna cewa ya ruɗe, ko ya koma yaro. Duk bayanin hali ne, babu wadda ta ɗora wa wani alhaki. Littafi yana da hajaru, wato a tsare dukiyar wanda ba ya iya juya ta, dokar biro ma tana da irinta. To amma wa zai kai ubansa gaban alƙali ya ce ba shi da hankali? Tsoron baki kaɗai ya isa. Sai iko ya sulale shiru zuwa hannun wanda ke riƙe da kati da wayar tsohon.

Haka zancen magani. A yi aikin ko a bari? A tsallaka da shi Illelar Najeriya zuwa Sakkwato, a haura Yamai, ko a maida shi gida a yi na gida? A Faransa, tun 2002 marar lafiya na iya naɗa amintaccen da likita zai tuntuɓa in baki ya rufe, tun 2005 kuma yana iya rubuta abin da yake so a yi masa da wanda ba ya so. A nan, in ka kawo wa tsoho irin wannan takarda, cewa za a yi kana masa mugun fata. Amma ban yarda cewa tsofaffinmu ba su shiri ba. Su ne ke sayen likkafani su ajiye a ƙasan akwati, su lissafa bashin da ake bin su, su faɗi wanda zai yi musu wanka. Suna kuma faɗin abin da suke so game da asibiti, sai dai da dare suke faɗi, ga mai jinya, wadda ba ta da kujera a zaure.

Kawu ya samu takardarsa a ƙarshe. An ɗauke shi a amalanke zuwa bakin hanya, aka sa shi mota, ya dangwala yatsan hagu tunda na dama ya ƙi. Matar ɗansa ce ta yi jinyarsa damina biyu, kuma ita kaɗai ya gaya wa cewa in abin ya tsananta kada a wahalar da shi da tafiya. Da ya tsananta, babban ɗan ya bugo waya daga Abijan ya ce ya turo kuɗi, a kai Baba Sakkwato gobe. Ta tsuguna a ƙofar zaure ta ce, “Yaya, Baba ya ce a bar shi ɗakinsa.” Aka tambaye ta wa ya ji.