Beli Ba Sallama Ba Ne: Kalmomin Turanci Da Ke Jefa 'Yan Arewa Cikin Wahala A Kotunan Kudu

A Hausa, in mutum ya fito daga hannun hukuma sai a ce an sake shi ko an sallame shi, shi ke nan. Amma a kotunan majistare na Ikko da Badun da Fatakwal, inda da Turanci ake shari'a, kowace irin fita da sunanta. Rashin sanin bambancinsu ya sa 'yan Arewa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Badun sukan faɗa cikin wani sabon laifi ba da niyya ba.

Ta farko ita ce "bail", watau beli. Wanda aka ba beli, shari'arsa tana nan daram. An dai bar shi ya kwana a gida ne bisa alkawarin zai komo ranar da aka sa. In ya shiga motar Kano ko Sakkwato bai komo ba, sai a ce ya yi "jump bail". Alƙali zai ba da "bench warrant", watau takardar kamo shi duk inda yake. Shi kuwa "surety", wanda ya tsaya masa, yana iya asarar kuɗin da ya sa hannu a kai. Sau da yawa kuwa ɗan'uwa ne ko maigidan da ya sauke shi. Har ila yau, belin 'yan sanda kyauta ne, kuma dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce.

Ta biyu ita ce "discharged", watau an sallame shi. Wannan kan faru in mai ƙara ya daina zuwa, ko shaidu ba su bayyana ba, ko Babban Lauyan Gwamnati ya janye ƙarar. In an ce "struck out", an soke ƙarar ne daga jerin kotu. Sau da yawa a irin wannan hali ana iya sake kama mutum a kan maganar nan ɗaya.

Wadda take kashe magana ita ce "acquitted", watau kotu ta wanke shi. In alƙali ya ce "discharged and acquitted", to sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi, sai fa da umurnin kotun da ke sama.

Sai kuma "escape", watau tserewa daga hannun hukuma, ko daga ofishin 'yan sanda, ko daga gidan yari irin su Kirikiri da Agodi. Wannan laifi ne mai zaman kansa. Ko da daga baya an gane mutum bai aikata abin da aka fara kama shi a kai ba, laifin tserewar yana nan a wuyansa.

A asibiti ma haka abin yake. "Discharged" likita ne ya sallami majinyaci. Amma in an rubuta "absconded" a katinsa, ana nufin ya sulale ba da sanin kowa ba.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Shi dai wannan sashe na 36 ya ba duk wanda ake tuhuma ikon samun tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Saboda haka kada kunya ta hana mutum ya ce ba ya jin Turanci. Kafin ya bar harabar kotu, ya tambayi lauya ko magatakarda kalmar da alƙali ya faɗa, da ranar komowa in akwai, kuma ya nemi kofen hukuncin a rubuce ya adana.