Ciniki Ya Ɓaci, Kuɗi Ya Koma Ga Mai Shi

Kowane manomi ya san dokar kasuwa. In mutum ya sayi sa, ya kai gida, ya tarar da ciwon da aka ɓoye masa, sai ya koma wurin dillali. Ko a sasanta, ko a mayar masa da kuɗinsa. To, ina labarin hajar da ba ta kamuwa da hannu?

Akwai wasannin da yara da manya ke yi cikin kwamfuta. Yawancinsu ba a kanti ake sayen su ba. Ta intanet ake biya, wasa ya sauko cikin na'ura. Wata babbar kasuwarsu sunanta Steam. Kamfanin Valve na Amurka ne ya buɗe ta a 2003.

Shekaru da yawa, ƙa'idar Valve guda ce: wanda ya saya, ya saya. Ko wasa ya ƙi aiki, ba a mayar da kuɗi.

A 2014, hukumar kare masu saye ta ƙasar Ostareliya ta kai shi ƙara. Valve ya ce shi a Amurka yake zaune, dokar Ostareliya ba ta hau kansa ba. A 2016 alƙali ya ce a'a. Wanda ke ciniki da mutanen ƙasa, dokar ƙasar ta hau kansa. Aka ci shi tarar miliyan 3 na dola, kuɗin Ostareliya. Ya ɗaukaka ƙara, bai ci ba. A 2018 babbar kotun ƙasar ta rufe magana.

Tun shari'a ba ta ƙare ba, a 2015, Valve ya sake hali. Wanda ya sayi wasa yana da kwana 14. In bai kai awa 2 yana wasan ba, ana mayar masa da kuɗinsa.

Amma wannan hakki na mai sayen halal ne. Wasu na kwafe wasa ba da izinin masu shi ba, su sayar da araha. Waɗanda suka yi wahalar aikin ba su samun ko dala. Mai sayen kuma ba shi da takardar shaida. In wasa ya lalace, ko ya ɓata masa na'ura, ba dillali, ba alƙali. Araha ba ta ado.

Takardar mai haja ba ta fi doka ƙarfi ba. Amma sai mai shaidar ciniki doka ke tsaya wa.