FASHIN BAƘI: Dikoda ta yi araha, kuɗin kallo ya ninka. Me masu DStv da GOtv ke biya a zahiri?

A watan Yunin 2025, kamfanin MultiChoice, mamallakin DStv da GOtv, ya zabtare rabin farashin dikodarsa ta DStv a Najeriya, daga naira 20,000 zuwa naira 10,000. Wata uku kafin nan, a ranar 1 ga Maris, kamfanin ya ƙara kuɗin wata a kan masu kallo, inda babban rukuninsa na Premium ya tashi daga naira 37,000 zuwa naira 44,500.

Waɗannan matakai biyu sun taso da tambayar da ake yawan yi a gidaje da gidajen kallon ƙwallo. Kamfanonin talabijin na biya sukan kafa hujja da ingancin fasaha da sababbin dikodoji a duk lokacin da suka yi ƙari. To, idan ingancin na'urar ne ke jawo tsada, me ya sa na'urar ke yin araha alhali kuɗin wata na hawa? Kuma shin abubuwan da aka ƙara wa sababbin dikodoji sun kai a biya musu ƙarin kuɗi?

Abin da aka inganta a dikoda

Asalin aikin dikoda guda ɗaya ne. Kamfani yana aiko da shirye-shiryensa a kulle, ta tauraron ɗan'adam kamar yadda DStv ke yi, ko ta turakun ƙasa kamar yadda GOtv ke yi. Dikoda ce ke karɓar siginar, ta duba ko mai ita ya biya, sannan ta buɗe masa tashoshin da kuɗinsa ya kai. Ranar da wa'adi ya cika, kamfanin ya aiko da umarni a sake kullewa.

A kan wannan aiki ne aka riƙa yin ƙari. Da farko an inganta hoto zuwa HD. A 2013 MultiChoice ya fito da Explora, dikoda mai rumbun ajiya a cikinta, wadda ke ba mai kallo damar tsayar da shirin da ake nunawa kai-tsaye, ya mayar da shi baya, ko ya naɗe shi don ya kalla daga baya. Akwai Catch Up na kallon shirye-shiryen da suka wuce, da BoxOffice na hayar sababbin finafinai, da XtraView da ke haɗa dikoda fiye da ɗaya a gida guda a ƙarƙashin biya ɗaya. A 2020 aka fito da Explora Ultra, mai haɗuwa da intanet ba tare da waya ba, mai iya nuna hoton 4K, mai ɗauke da manhajoji irin su Showmax da Netflix.

Babu musu, wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai akwai abin da tallace-tallace ba su cika fitowa da shi ba: waɗannan abubuwa suna da nasu kuɗin daban. Mai Explora ya sayi na'urar da tsada ninkin-ba-ninkin a kan ƙaramar dikoda, sannan kowane wata yana biyan wani kuɗi na musamman kafin naɗa da XtraView su yi aiki. A ƙarin watan Mayun 2024, wannan kuɗi ya tashi daga naira 4,000 zuwa naira 5,000. Netflix ma da ke cikin Ultra sai an biya ta daban. Ke nan wanda ke morar fasahar ya riga ya biya ta sau biyu, a shago da kuma ƙarshen kowane wata. Ba za a iya ɗora mata alhakin tsadar kuɗin kallo na kowa da kowa ba.

Yadda kuɗin ya hau

A watan Afrilun 2022, Premium yana naira 21,000. Ya koma 24,500 a Mayun 2023, ya kai 29,500 a Nuwamban shekarar, ya zama 37,000 a Mayun 2024, sannan 44,500 a Maris ɗin 2025. Rukunin Compact, wanda masu matsakaicin ƙarfi suka fi saye, ya tashi daga 9,000 zuwa 19,000 a daidai wannan lokaci. Duka biyun sun ninka har da ɗoriya cikin shekara uku.

Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi zai ba da kusan kashi 64 cikin 100 na abin da yake samu idan ya ce sai Premium, ko fiye da kashi ɗaya cikin huɗu idan Compact ne.

Abin lura shi ne, ƙarin bai bambanta mai Explora da mai tsohuwar dikodar da ya saya shekaru da dama ba. Kowa an ƙara masa gwargwadon rukuninsa. Da ingancin akwati ne dalili, da mai tsohon akwati ya tsira.

Inda kuɗin ke tafiya

Dalilin na ainihi yana kasuwar canji. Kamfanin yana karɓar naira daga masu kallo, amma manyan abubuwan da yake kashe wa kuɗi da kuɗin waje ake biyansu: haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila da gasar Zakarun Turai, hayar tauraron ɗan'adam, tashoshin ƙetare, da kayan aikin da ake shigowa da su.

Lissafin dala ya nuna wani abu da masu fushi da kamfanin ba su cika son ji ba. A Afrilun 2022 dala tana kusan naira 415 a farashin gwamnati, wato Premium ya kama kimanin dala 50. Bayan gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500. Da wannan canji, naira 44,500 ba ta kai dala 30 ba. Mai kallo yana biyan ninki biyu, kamfanin kuma yana karɓar ƙasa da abin da yake karɓa a da. Duka ɓangarorin biyu faɗuwar naira ce ta ci su.

Amma wannan bai wanke kamfanin gaba ɗaya ba. Ƙwallon Turai ita ce ginshiƙin kasuwar, kuma wanda ya riƙe ta ya riƙe masu kallo. A 2007 kamfanin HiTV na cikin gida ya karɓe haƙƙin nuna Firimiya a Najeriya, amma bai iya jure tsadar ba, haƙƙin ya koma hannun SuperSport, shi kuma ya durƙushe a 2011. Tun daga nan babu wani abokin gasa mai ƙarfi a wannan fage. Kuma saboda ana sayar da tashoshi a dunƙule, mai son ƙwallo kawai dole ya sayi tashoshin da ba zai taɓa buɗewa ba, haka nan uwar gidan da Arewa24 da Africa Magic Hausa suka ishe ta tana cikin tsarin da kuɗin ƙwallo ke juya farashinsa.

Fasahar da ke jiran wuta da data

Ko ga wanda ya yarda ya biya, amfanin fasahar ya dogara ne da abubuwa biyu da kamfanin ba shi ke bayar da su ba. Na farko wutar lantarki. Dikoda ba ta naɗar wasa idan babu wuta, don haka alƙawarin kallon abin da ya wuce ba ya cika a gidan da aka ɗauke wuta kafin a take wasa, sai in an tayar da janareta, da man da ya yi tsada tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Na biyu intanet. Bisa ƙiyasin Netflix kanta, kallon sa'a guda da hoton HD na iya cin data har gigabait 3, na 4K kuma har gigabait 7. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ga kuma sharaɗi na uku: hoton 4K ba ya fita sai a talabijin mai 4K. Gidan da ya haɗa tsayayyar wuta da wadatacciyar data da irin wannan talabijin zai mori Ultra. Irin waɗannan gidaje ba su ne mafi yawa ba.

Ingancin da masu kallo suka fi nema

A watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. A tsarin biyan wata-wata, kwanakin mai kallo suna ƙirguwa ko akwatin na kunne ko yana kashe. Wannan ne ya sa kiran da aka fi yi shekara da shekaru ba na ƙarin kyawun hoto ba ne, na a biya gwargwadon abin da aka kalla ne.

Kamfanin ya sha bayyana wa 'yan majalisa cewa hakan ba zai yiwu ba, domin siginar tauraron ɗan'adam hanya ɗaya take bi, ba ta komawa ta shaida masa ko mutum na kallo. Ta fuskar fasaha wannan gaskiya ne ga dikodar da ba ta haɗe da intanet. Amma akwai bambanci tsakanin ƙirga mintunan kallo da sayar da kwanaki. Kamfanin da ke iya kulle dikoda a ranar da wata ya cika zai iya kulle ta bayan kwana ɗaya ko bakwai. StarTimes, wanda ya shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, yana sayar da kallon yini da na mako. Tun a 2016 ma, hukumar kare masu saye ta wancan lokaci, CPC, ta umarci MultiChoice ya ba masu hulɗa da shi damar dakatar da kallonsu na tsawon kwana 7 zuwa 14. Abin da ya rage shawara ce ta kasuwanci, ba gazawar na'ura ba.

Akwati mai makulli ɗaya

Dikodar DStv ba ta buɗe tashoshin StarTimes da ke kulle, ta StarTimes ma ba ta buɗe na DStv. Abin da aka naɗa a Explora ba ya kwafuwa zuwa wata na'ura. Wanda ya kashe kuɗi a kan akwati da kwando da mai haɗawa, zai yi tunani sau biyu kafin ya sauya kamfani. A nan ne sirrin rage farashin dikoda yake: ribar ba a akwatin take ba, tana cikin watannin da za su biyo baya. Rahotannin kamfanin sun nuna ya yi asarar masu kallo kimanin miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris ɗin 2023 da Maris ɗin 2025, kuma bayan fitar waɗannan alƙaluma ne aka karya farashin dikoda.

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Amurka, inda ake ba da hayar akwatin maimakon sayarwa, binciken da sanatoci Ed Markey da Richard Blumenthal suka fitar a 2015 ya gano cewa gida guda na biyan kimanin dala 231 a shekara a kan hayar akwati kawai. A 2016 hukumar sadarwar ƙasar ta kawo shawarar tilasta wa kamfanoni su bari a kalli tashoshinsu ta na'urorin wasu, amma kamfanonin suka yi mata taron dangi, aka jingine ta bayan sauyin gwamnati a 2017.

A Najeriya, abin da ya kamata ya zama mafita shi ne shirin gwamnati na komawa tsarin dijital, mai akwatin FreeTV da ba a biyan kuɗin wata. An ƙaddamar da shi a Jos a 2016, ya isa Abuja da Kaduna, ya kai Kano a 2021, amma ya kasa game ƙasa duk da cewa wa'adin duniya ya wuce tun Yunin 2015. Da yawa daga gidajen Arewa sun nema wa kansu hanya da kwando da risiba mai kama tashoshin kyauta, ƙwallo kuma a je gidan kallo.

Ina hukuma take?

A Yunin 2024, kotun sauraron ƙorafin masu saye ta ci MultiChoice tarar naira miliyan 150 saboda yin ƙari duk da umarnin dakatarwa, amma daga baya mai ƙarar ya janye. A Fabrairun 2025 hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare masu saye ta umarci kamfanin ya dakata da sabon ƙari, bai dakata ba. A watan Mayu, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya kori ƙarar da kamfanin ya shigar, amma ya bayyana cewa hukumar ba ta da ikon ƙayyade farashi sai da sahalewar shugaban ƙasa.

Ghana ta bi wata hanya. Ministan sadarwarta, Sam George, ya nemi a rage farashi da kashi 30 cikin 100 tare da barazanar dakatar da lasisin kamfanin. An ƙare da sulhu, inda daga Oktoban 2025 aka ɗaga masu kallo zuwa rukunin da ya fi nasu ba tare da ƙarin kuɗi ba. A daidai lokacin ne kuma kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice, a Satumban 2025.

Hukuncin Abuja ya rufe ƙofar ƙayyade farashi, amma bai hana hukumomi bincikar danniya a kasuwa ba, bai kuma hana majalisa yin doka ba. Abubuwan da za su sauya lissafin mai kallo a bayyane suke: damar sayen kwanaki ko dakatar da su cikin sauƙi, damar sayen tashoshin wasanni su kaɗai, da dikodar da za ta yi aiki da kowane kamfani kamar yadda waya ke karɓar kowane layi. Babu ko ɗaya a ciki da ke buƙatar hoton 4K.

Ga magidancin da ke tsaye a shago yana shawarar wace zai saya, lissafin mai sauƙi ne. Ya haɗa kuɗin akwatin da na wata goma sha biyu, da kuɗin naɗa, da na data, da na man janareta, sannan ya raba da sa'o'in da yake da tabbacin zai samu wuta ya zauna ya kalla.